Sallamar Baba Jalo a Wayoyin Ofis

Gab da magariba Badi'a ce kaɗai ta rage a ofis. Kamfanin iri da taki ne a bakin Gwarzo, kan hanyar Kabo, ita ce mai kula da kwamfutocinsa. Tun da ta fita takaba ta dawo aiki, ba ta ɗokin komawa gida. In an gaishe ta ta amsa. In an ba ta abinci ta ci, ba tare da ta san ɗanɗanonsa ba.

A makon nan aka kafa musu sababbin wayoyin tebur, irin waɗanda ake haɗawa da kebul ɗin kwamfuta, kowane tebur da lambarsa. Manaja, Alhaji Mudi, bai so sautin kiran da suka zo da shi ba.

"Wannan kiɗan bai dace da mu ba," in ji shi. "Ki cire, ki sa mana sallama. Waya ta yi sallama kamar mutumin kirki."

Shi ya sa bayan azahar ta kira Baba Jalo maigadi, dattijo mutumin Getso mai kakkaurar murya. Ta kai shi sito na can ƙarshen baranda, don nan ne ƙarar motoci ba ta kaiwa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon duhun da ke bayan buhuna.

"Hajiya, ba kowa a ɗakin nan. Wa zan yi wa sallama?"

"Ka dai faɗa kawai, Baba. Muryarka zan ɗauka."

Ya gyara tsayuwa. Sannan ya faɗa, fuskarsa na duban cikin ɗakin.

Yanzu ta gama yanke muryar, ta rage mata tsawo, ta ɗora ta a kan na'urar da ke haɗa wayoyin, ta tura wa kowace lamba. Ta buga lambar teburin da ke gefenta don gwaji.

"Salamu alaikum," in ji wayar, da muryar Baba Jalo.

Gwajin ya yi. Ta ajiye kan waya, ta fara haɗa jakarta. A waje hadari ya taso, iska na kaɗa kwanon rufi. Aka ɗauke wuta. Batiran sola sun kwana biyu da lalacewa, saboda haka komai ya mutu, har ƙananan fitilun wayoyin.

"Salamu alaikum."

Daga can baranda ne. Badi'a tana lalube cikin jaka tana neman makulli, hankalinta ba ya ko'ina. Bakinta ya riga ta.

"Wa alaikumus salam. A shigo."

Sai da ta faɗa ta tuna babu wuta.

Ta tsaya cik, hannunta cikin jaka.

Ƙofar sito ta yi ƙara a hankali. Da hannunta ta kulle ta ɗazu.

Wayar ofishin akawu ta yi sallama. Sannan wayar ta yi shiru. Ta ofishin manaja ta karɓa. Ita ma ta yi shiru. Kowace ta fi wadda ta gabata kusa.

Wani wari ya shigo, ya danne warin taki. Warin jiƙaƙƙiyar toka ne, da na ruwan tsohuwar rijiya.

Ta san ya kamata ta ji tsoro. Ta neme shi a ƙirjinta, ta ji shi can nesa, kamar kukan da ake yi a wata unguwa. Ƙafafunta kuwa sun mutu. Ta umarce su su tashi, suka ƙi.

Kujerar da ke gefenta ta yi ƙara. Katifar kujerar ta lotsa.

Wayar teburinta ta yi magana. Muryar Baba Jalo ce, amma ba abin da Badi'a ta ɗauka a sito ba ne. Raɗa ce.

"An yi mana sallama ɗazu. Mun zo amsawa."

Igiyar wayar ta fara lilo.

"Ɗauki, mu gaisa."

Hannunta ya fito daga jaka da kansa. Tana kallonsa kamar na wata. Ta so ta karanta Ayatul Kursiyyu, farkonta ya ɓace mata.

Yatsunta suka taɓa kan wayar.

Sanyi. Ya bi ta hannu yana hawa.

Hasken tocila ya faɗo ɗakin. Baba Jalo ne a tsaye, jiƙe da ruwan sama. Bakinsa a buɗe, jijiyoyin wuyansa sun tashi, ihu yake yi mata. Ko sauti babu.

Wayoyin duka suka ɗauki sallama lokaci guda, da muryarsa.

Ya kai wa wayar duka da sandarsa, ta faɗi ƙasa tana ci gaba da magana. Ya damƙi gefen hijabinta ya ja. Ta zube daga kujera. Ya ja ta a kan siminti, gwiwoyinta na gurzuwa, wani abu mai sanyi na riƙe da idon sawunta.

A bakin ƙofar fita abin ya sake ta.

Suka faɗa cikin ruwan sama. Daga masallacin bakin titi ladan ya fara kiran salla. Badi'a na zaune cikin taɓo tana kallon hannunta.

Washegari Alhaji Mudi ya sa aka kwashe wayoyin, aka kira malamai suka yi karatu a sito. Badi'a ba ta koma aikin ba. Yatsunta uku na dama ba sa jin zafi ba sa jin sanyi, ko wuta ta taɓa sai dai ta ga tabo.

Muryar Baba Jalo ba ta dawo ba. An kai shi asibiti a Kano, an kai shi wajen malamai a Kutama, daga ƙarshe 'ya'yansa suka mayar da shi gida.

A lokacin kaka Badi'a ta je Getso duba shi. Ta same shi a inuwar rumbu, matarsa Marka na ɓare masa wake.

"Ki yi haƙuri, 'yar nan," in ji Marka. "Yana jin komai. Amsawa ce ba ya yi."

Badi'a ta durƙusa.

"Baba, ka ce mini ba kowa a ɗakin. Har ka tambaye ni wa za ka yi wa sallama."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya matsa gefe, ya ba ta wuri a kan tabarma. Suka zauna har rana ta faɗi.