Wanda Ya Ɗauki Bashin Alhaji Nababa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a sahun jana'iza a ƙasarmu ya san tambayar da liman yake yi kafin ya kabbara: "Wa ya ɗauki bashin wannan bawan Allah?" Ɗa ne zai amsa, ko ƙane, ya ce shi ya ɗauka, duk mai bi ya same shi. Kalma biyu ce, mutane suna faɗarta kamar masu amsa gaisuwa. Sama'ilu ma haka ya ɗauke ta.

A wani ƙauye gabas da Ɗanbatta aka yi shi, ba zan faɗi sunan ƙauyen ba don danginsa suna nan da ransu. Wuri ne da gona take manne da gona, kowa ya san abin da ke cikin rumbun kowa. Sama'ilu mai sayen gyaɗa ne. Yakan karɓo kuɗi a hannun wani attajiri a Kano tun da bazara, ya raba wa manoma, da kaka su biya shi da gyaɗa. Yana da sabon keke, da rediyo, da agogon hannu da yake yawan dubawa ko ba a tambaye shi lokaci ba.

Sai shekarun fari suka shigo. Ruwa ya ɗauke damina biyu a jere, ta ukun da aka samu ruwa cuta ta faɗa wa gyaɗa ta kuturce a gona. Manoma ba su da abin biya, wasu ma sun tafi cin rani ba su dawo ba. Attajirin Kano kuwa kuɗinsa ya sani. Sama'ilu ya shiga cin bashi yana toshe bashi. Ya karɓi kuɗin adashin matan unguwa a hannun matarsa Barira, ya sayar da san noman surukinsa da sunan zai juya kuɗin, ya jinginar da rabin gonar gado ba tare da ƙanensa Hadi ya sani ba. Har ta kai in ya ji sallama a zaure sai ya aika a ce ba ya nan.

Da abin ya ishe shi sai ya je wurin Baba Ɗan Iya, tsohon da ke sayar da goro a faifai a bakin masallaci. Tsohon nan ya taɓa mallakar jakuna arba'in na fatauci, ya karye, ga shi kuma yana yawo cikin gari ba ya ɓuya wa kowa.

"Baba, ka taɓa shiga irin wannan. Yaya ka yi ka fita?"

"Nawa ne duka?"

Sama'ilu ya yi ta kame-kame.

"Ka ga ciwon farko ke nan," in ji tsohon. "Ba ka san ko nawa ba ne, tsoron ƙirgawa kake. Ka zauna da Hadi ku rubuta kowa da abin da yake binka. Ka je wa dagaci ya tara su rana ɗaya. Ka fito da keke, da rediyo, da wannan agogon, da abin da ya rage a rumbu bayan abincin yara, a yi musu kuɗi a raba, mai yawa da yawa, mai kaɗan kaɗan. Sauran ka roƙi a ɗaga maka zuwa kaka uku. Wasu za su yafe, wasu za su zage ka. Zagin ba ya wuce wata biyu."

"A gaban mutane, Baba? A ce Sama'ilu ya karye?"

"Ai ka riga ka karye, ɗana. Faɗa ce kawai ta rage."

Sama'ilu ya tashi ransa a ɓace. Shawara ya je nema, gaskiya ne, amma irin wadda za ta bar masa agogonsa.

Ran kasuwar Ɗanbatta wani dillali ya raɗa masa cewa akwai boka a tsohuwar marina, can bayan gari, inda rijiyoyin rini suka bushe tun zamanin kakanni. Ya ce ba a zuwa masa sai rana ta take tsaka.

Wurin shiru ne, ko kukan tsuntsu babu. Rijiyoyin sun yi layi bakinsu a buɗe, an kafa bukka a kan guda ɗaya. Da Sama'ilu ya sunkuya ya shiga, wari ya doke shi, warin baban rini da ya ruɓe haɗe da ƙarnin jini. Wannan rijiyar ba ta bushe ba, wani baƙin ruwa ne a ƙasanta yana motsi ba tare da an taɓa shi ba. A samanta an rataye tsohon sikeli. Faranti ɗaya cike yake da kuɗin wuri da kitson gashin mutum, ɗayan babu komai, amma wanda babu komai ɗin shi ne ya rinjaya ƙasa. Bokan yana zaune a gefe, siriri, hannuwansa shuɗi har gwiwa.

"Ba na buga kuɗi," in ji shi, tun Sama'ilu bai buɗe baki ba. "Dukiya tana hannun masu ita, ni hanya nake nunawa. Ka san Alhaji Nababa?"

Wa bai san shi ba? Sitonsa na hatsi ya fi masallacin garin girma.

"Kafin Juma'a zai mutu. Idan liman ya tambayi wanda ya ɗauki bashinsa, 'ya'yansa ba za su amsa ba. Kai za ka amsa."

"Ni da bashi ya kai ƙasa, in ƙara da na wani?"

"Ka taɓa jin mutumin da ke bin Alhaji Nababa ko sisi?"

Sama'ilu ya yi tunani, bai taɓa ji ba. Ya ce, "To me zan samu?"

"Abin da ya bari."

"Kai kuma me zan biya ka?"

"Ni ba ka biyana komai. Abin da ake binsa za ka biya, shi ma ba yau ba, kaka-kaka."

"Nawa ne?"

"Uku suka rage."

"Uku me? Buhu uku, ko jaka uku?"

Bokan ya nuna masa ƙofa. "In ba ka so, ga hanya. Akwai mutum biyu da ke jiran wannan gawar."

A nan ne abin haushin yake. Mutumin da ya yi shekara goma yana ciniki, wanda bai taɓa sayen buhu bai soka hannu ya ga cikinsa ba, ya ji an ce wasu na jira sai ya bar tambaya. Bokan ya zura doguwar ludayi a rijiyar ya ɗebo baƙar laka, ya yanka baƙin zakara jinin ya zuba a kanta, ya juya da yatsa. Ya ce Sama'ilu ya fito da harshensa, ya shafa masa tun daga tushe har tsini. Ɗaci ya ratsa shi har ƙwaƙwalwa. Sikelin ya yi ƙara shi kaɗai, ya daidaita.

Ranar Alhamis da hantsi aka yi shelar rasuwar Alhaji Nababa.

Gari ya taru. 'Ya'yansa huɗu, duk magidanta, suna sahun gaba. Liman ya yi tambaya, ba wanda ya motsa. Ya sake yi da ƙarfi, ko ba su ji ba, suka ƙara sunkuyar da kai. Mutane suka fara kallon juna, don ko matsiyaci ne ya mutu ɗansa ba ya barin a tambaya sau biyu. Harshen Sama'ilu ya yi nauyi. A ta uku ya ce, "Na ɗauka."

Babban ɗan ya sauke wani dogon numfashi da na kusa da shi duk suka ji. Baba Ɗan Iya ya waiwayo daga sahu ya dubi Sama'ilu.

Kafin la'asar 'ya'yan suka zo da makullan sito, suka ce wasiyyar mahaifinsu ce, wanda ya ɗauki bashin ya ɗauki siton da abin da ke ciki. Ba su jira sadakar uku ba suka kwashe iyalansu suka bar garin. Gero ne da dawa har rufi, a shekarar da mata ke haƙa gidan tururuwa suna neman ƙwaya. Cikin wata ɗaya Sama'ilu ya biya attajirin Kano, ya biya matan adashi, ya mayar wa surukinsa shanu biyu a madadin ɗaya, ya fanshi gona. Ya yi rufin kwano, ya sayi babbar mota. Waɗanda suka zage shi su ne masu shimfiɗa masa tabarma.

Kaka ta zo. Wata rana da tsakar rana aka yi sallama a zaure, murya a hankali, ba ta namiji ba ba ta mace ba. 'Yarsa Safara'u, mai shekara tara, tana tsince wake a tsakar gida, ta amsa ta leƙa, ta dawo ta ce ba kowa. Da yamma zazzaɓi ya rufe ta. Kwana uku ta yi ta rasu. Matar da ta yi mata wanka ta fito ta ce harshen yarinyar shuɗi ne kamar an tsoma shi a baba.

Sama'ilu ya yi kuka, kuka na gaske, don yana son yarinyar nan. A lokacin ya tuna cewa gidan Alhaji Nababa an san su da ƙin amsa sallama da rana, mutane suna cewa girman kai ne. Ya hana kowa a gidansa amsawa, bai faɗi dalili ba. Amma mahaifiyarsa, Inna Kaltume, ta yi shekara saba'in tana amsa sallama, bakinta ya saba. Kaka ta biyu ita ta amsa.

Bayan an binne ta Barira ta daina magana da mutane. Kullum rana ta take sai ta ɗauki mudu ta zauna a bakin zaure tana awon ƙasa, tana zuba wa wani da ba a gani, tana cewa ya yi haƙuri ya karɓi wannan ya bar mata Abdussalam. Shi ne ɗan da ya rage musu, yana goye a bayanta.

Sama'ilu ya koma marina da gudu-gudu.

"Rai kake nufi da uku? Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ka tambaya sau ɗaya, ka fasa. Nababa ya yi alkawarin bakwai, ya biya huɗu ya mutu. An karɓi biyu a gidanka. Saura ɗaya."

"Ga makullan. Ga motar. A mayar."

"Hatsin da garin nan ya cinye za ka mayar?"

"To a ɗauke ni."

"Kai ba ka cikin lissafi, kai ne mai biya."

Ya durƙusa, ya kama ƙafar bokan. "Ba wata hanya?"

"Yadda ya zo maka haka zai bar ka. Ranar da aka shimfiɗe ka, wani ya ce ya ɗauka, shi ke nan ka huta."

"In ba wanda ya ce?"

"Sai ka shiga da shi kabari. Can ma ana bi."

A hanyar dawowa ya zauna a kunyar wata gona. Ya san wanda zai amsa ranar nan. Hadi ne, wanda bai taɓa yi masa gorin gonar da ya jinginar ba, mai 'ya'ya biyar. Ba sai an roƙe shi ba ma. Abin da kawai Sama'ilu zai yi shi ne ya ja bakinsa ya yi shiru, kamar yadda Alhaji Nababa ya yi. Ya daɗe a wurin, kuma ba zan ɓoye muku ba, zuciyarsa ta so shirun.

Da la'asar ya sami Hadi a gona yana ɗaurin dawa, ya faɗa masa komai tun daga marina.

"Ka rantse mini ranar da na mutu ba za ka amsa ba."

"Yaya, a tambaya ina tsaye in yi shiru? Da wane ido zan dubi mutane?"

"Da idon da za ka dubi 'ya'yanka. Ka rantse."

Hadi ya rantse yana hawaye.

Washegari Sama'ilu ya kai Barira da Abdussalam gidan iyayenta a Minjibir, ya sallami kowa, ya zauna shi kaɗai. Daga kaka ta uku sallamar ba ta ƙara fashi ba. Kullum da tsakar rana maƙwabta suna jin muryarsa daga zaure yana cewa, "Ba kowa sai ni." Hatsin sito ya yi baƙi ya dunƙule, ko kaji ba sa ci. Motar ta ƙone a hanyar Kano. Sababbin masu bin bashi suka kwashe kwanon rufin. Ya rame har yara suka daina gane shi, kafin wata damina aka tsince shi a zauren, harshensa a waje, shuɗi.

A wurin jana'izarsa liman ya yi tambaya. Duk sahun ya juya wajen Hadi. Ya sake tambaya, wani dattijo ya zunguri Hadi ya ce, "Ɗan'uwanka ne fa." Hadi ya cusa bakin rigarsa a baki ya cije. Aka yi ta uku. Liman ya jira, ya jira, sannan ya ɗaga hannu ya kabbara, aka kai Sama'ilu kabari da bashinsa a kansa.

Ku da bashi ya hana barci, da ku nake. Ku zauna ku ƙirga shi, ku kira masu shi da rana a gaban mutane, ku ajiye keken da agogon ku sha zagin. Kunya ce, kuma tana wucewa. Wanda ya ce zai raba ku da talauci bai kuma faɗi farashi ba, ku tashi ku bar masa wurinsa, don ba aljihunku yake kallo ba, mutanen gidanku yake ƙirgawa. Sama'ilu ya guji kunyar wata biyu, ya binne 'yarsa da uwarsa, aka kuma sa shi a rami ba mai tsaya masa ko mutum ɗaya.