Safar Baba a Bai-bai

"Wa ya ce ka kawo masa? Wa ya aike ka?!"

Auta ba ta taɓa ɗaga wa saurayinta Dogo murya ba sai yau. Tana tsaye a bakin ƙofar gida, ta riƙe safar da yatsu biyu kamar wadda ta tsinto mataccen ɓera. Baƙar safa ce ta ulu, mai kauri, bakinta da roba mai matsewa.

Dogo ya dube ta, ya dubi safar, murmushin da ya zo da shi ya bushe.

"Rabin raina, tsaraba ce fa. Na ga Baba kullum da safa ko ana zafi, na ce bari in samo masa mai kyau. Mai kantin ya rantse mini babu irinta..."

"Mai kantin ya taɓa ganin ƙafar Baba?"

"Ni ma ai ban taɓa gani ba."

Gaskiya ya faɗa. Ban da ita da likita, babu mai rai da ya san abin da ke ƙarƙashin safar mahaifinta a yanzu.

Baba tsohon tela ne. Zaman keke ya cinye masa baya har ba ya iya sunkuyawa, ciwon bushewar fata kuma ya kama shi daga gwiwa zuwa diddige. Fatar ta yi fari-fat tana ɓare-ɓare, in an yi sake ta tsattsage ta yi jini. Mama ce mai kula da ita a da. Da ciwon ajali ya kwantar da Mama, ta kama hannun Auta ta ce, "Ƙafar babanki amana ce, ki riƙe mini."

Ta kuwa riƙe. Kowace safiya kafin ta tafi makarantar da take koyarwa, sai ta durƙusa gabansa da baho. Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. A dangwala da tawul, ba a gurza. A shafa mai tun fatar na da danshi, ban da tsakanin yatsu. Sannan a zura masa safar da likita ya ce, ta auduga mai laushi wadda cikinta ke riƙe mai, a ɗora wata safar a sama, ita kuma a sa ta a bai-bai don kada ɗinkin ya goge fata.

"Shekara da shekaru ina ɓoye wa mutane ɗinki," Baba kan ce, "yau ga nawa a waje kowa na kallo."

Jiya tana fita, ya lallaɓa da ƙugiyar lema ya tuɓe tasa, ya ja ta Dogo a kan fatarsa, wai kada yaron ya zo ya ga ba a sa kyautarsa ba. Ya yini da ita, ya kwana da ita. Da safen nan sai da ta jiƙa ta da ruwa kafin ta rabu da fatar. Ruwan bahon ya koma ja.

"Wallahi ban sani ba," Dogo ya ce a hankali. "Bari in shiga in ba shi haƙuri."

"Ba haƙuri ba ne matsalar!" Hawaye suka zubo mata. "Yini ɗaya na juya baya, ka ga abin da ya faru. Yini ɗaya! Kai kuma kana cewa in mun yi aure in bi ka wani gari..."

"Ba ni na zaɓa ba, wurin aiki ne suka mayar da ni can. Kuma ga Yayanki a gidan."

"Yaya?" Ta yi wata dariya mai ɗaci. "Baba zai yarda ya mutu da ƙaiƙayi da dai Yaya ya ga ƙafarsa."

"Me ya sa?"

Ta kawar da kai. Yaya yana saurayi ya taɓa shigowa da abokansa, ya hangi ƙafar a baho, ya ce cikin wasa, "Kai, ƙafar Baba kamar ta kada!" Kowa ya yi dariya, har Baban. Amma tun daga ranar, in za a cire masa safa sai an tura ƙofa.

"Auta, dube ni. Ki ce mini me zan yi."

Ta ƙura wa takalmansa ido, don ta san in ta dubi fuskarsa ba za ta iya ba.

"Ka tafi garinka... ka nemi wadda ba ta da amana a wuya."

"Ke kika faɗi haka?"

"Ni na faɗa."

Ta juya da gudu. Ba ta lura labulen tagar falo ya motsa ba.

Washegari ta ɗauko baho ta nufi ɗakin Baba, ta tarar da ƙofa a kulle.

"Baba, ruwan zai huce."

"Ya huce."

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Na sallame ki daga aiki, Malama. Je ki koya wa 'ya'yan mutane karatu."

Ta ɗauka wasa ne. Ta tsaya har hannunta ya gaji, ƙofa ba ta buɗe ba.

Kwanakin da suka biyo baya, Auta ta rasa inda za ta sa kanta. A aji sai ta rubuta rabin jimla a allo ta tsaya da alli a hannu, har ɗalibai su fara ƙus-ƙus. Ta duba waya, ta kife ta, ta sake dubawa. Dogo bai kira ba. Ita ta kore shi, amma shirun nasa ya fi komai ci mata rai. A gida kuwa ta zama kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, daga kicin zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa ƙofar Baba, tana kasa kunne. Ta san ƙarar susarsa kamar yadda ta san muryarsa. Ƙarat... ƙarat... Duk ƙara ɗaya a ƙirjinta take ji.

In tana shara, sai ta ga farin ɓawon fata a kan darduma inda ya zauna. Wata safiya ta leƙa ta taga, ta gan shi a bakin gado yana fama da sandar awonsa ta dā, yana ƙoƙarin tura safa a ƙafa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Safar ta faɗi. Ya zauna yana kallonta a ƙasa, kusa da shi amma ta fi ƙarfinsa.

Ta toshe baki ta koma kicin.

"Yaya, ka yi masa magana mana!" ta ce da yayanta, wanda ke tsaye yana kurɓar shayi da makullin motar kamfaninsu a hannu.

"Ni? Yaushe na zama likita?"

"Ƙafar za ta lalace!"

"Ke dai kin cika ƙwaƙwa. Tsohon nan ya fi ki wayo." Ya ajiye kofi ya fice yana kauce wa idonta. Ta bi shi da kallo. Wani ƙamshi ta ji a hannunsa da ya wuce, ƙamshin da ta sani, amma hankalinta bai zauna ba balle ta tuna na mene ne.

Ranar da abin ya ishe ta, ta roƙi wata malama ta riƙe mata aji, ta kamo hanyar gida da rana tsaka. Ta ƙudura ko ƙofar za ta ɓalle sai ta ga ƙafar nan yau.

Tun daga tsakar gida ta jiyo muryar Baba a falo.

"Kai! Dangwalawa na ce, ba gurzawa ba! Mota kake wankewa?"

"Baba, a hankali fa nake yi."

"A hankalin naka ke nan? Allah ya jiƙan fata!"

Sai wata murya ta uku, wadda ba ta yi tsammanin ji a gidan ba.

"Yaya, don Allah ban da tafin ƙafa... wallahi cakulkuli nake ji!"

Ta ɗaga labule.

Dogo ne zaune a kujera, ya naɗe wando har gwiwa, zara-zaran ƙafafunsa a cikin bahonta. Yaya na durƙushe gabansa da tawul a kafaɗa. Baba na gefe a kujerarsa, sandar awo a hannu, yana nuni kamar mai ba da hannu a titi.

Duk suka daskare. Dogo ya yi yunƙurin miƙewa, santsi ya kwashe shi ya koma daɓas, ruwa ya fantsama a fuskar Yaya.

"Me... me ke nan?" ta ce da ƙyar.

"Makaranta," in ji Baba. "Ke kaɗai ce malama?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Na dawo ba shi haƙuri washegari, kina wurin aiki. Ya ce haƙuri ba ya warkar da faso, sai dai in ara masa ƙafata. Ya kuma ce in na kira ki, ya fasa ba ni ke."

"Tela ba ya fara koya wa yaro a yadin mutane," Baba ya ce. "A ƙyalle ake farawa. Ga ƙyallenmu nan, Allah ya ba mu dogo."

"Kullum da rana nake satar jiki daga aiki," Yaya ya ce yana goge fuska. "Ƙafar mutumin nan ta fi ta jariri laushi yanzu. Ni kuma hannuna duk ƙamshin mai, abokan aiki sun fara tambayata ko na yi budurwa."

Auta ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta. Ta jingina da bango.

Baba ya ajiye sandar. Fuskarsa ta canja.

"Zubar da ruwan nan ka kawo sabo," ya ce da Yaya. "Yau a yadi za ka yanka."

Yaya ya fita ya dawo da baho, ya gwada ɗumin ruwan da gwiwar hannu, ya durƙusa. Auta ta taka za ta tura ƙofa kamar yadda ta saba, Dogo kuma ya fara lalubar takalmansa zai ba su wuri.

"Bar ta a buɗe. Kai ma zauna. Wanda ya ara mini ƙafa ai ya biya kuɗin kallo."

Yaya ya kama bakin safar ya naɗe ta a hankali. Kwanakin nan sun yi ɓarna. Ƙwaurin ya yi fari kamar an barbaɗa gari, diddigen ya tsage, ga sawun farce ja-ja inda ya sosa. Yaya ya tsaya da ƙafar a tafin hannunsa, kansa a ƙasa. Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Baba..."

"Na sani. Kadan ya tsufa, ba ya cizo. Yi aikinka, ruwa na hucewa."

Auta ta matse hannuwanta a baya. Yatsunta har ƙaiƙayi suke, suna son su karɓe tawul ɗin. Ya cika ruwa... a'a, daidai ne. Zai gurza... bai gurza ba. Ya dangwala, ya lakato mai ya murza a tafinsa ya ɗumama, ya bi ƙwaurin daga sama zuwa ƙasa, ya tsallake tsakanin yatsu. Ya zura masa safar ciki mai riƙe mai. Ya ɗauko ta sama zai sa yadda kowa ke sa safa.

Bakinta ya buɗe.

"Shhh," Dogo ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba shi dama, rabin raina."

Yaya ya tsaya. Ya dubi safar, ya ja tsaki, ya zura hannu ciki ya juya ta bai-bai, ɗinkin ya fito waje.

Baba ya lumshe ido ya sauke ajiyar zuciya mai tsawo, irin wadda yakan yi in mai ya ratsa fata.

"Auta, zo nan."

Ta durƙusa a gefensa. Ya ɗora hannu a kanta.

"Na ji abin da kika gaya wa yaron nan a ƙofa. Uwarki ta ce ki riƙe ƙafata, ba ta ce ƙafata ta riƙe ki ba. Ni na bari girman kaina ya ɗaure ki, don ina jin kunyar ɗan da na haifa. Kin cika amana, 'yar albarka. Saura tawa, in ga kin tafi ɗakinki da dariya."

"Baba, in ya manta ya wanke safar ciki da ruwan zafi fa? Man cikinta zai mutu..."

"Sai ki kira shi a waya ki zazzage shi. Ai kin iya, na ji samfur ranar nan."

Yaya ya fashe da dariya da hawaye a fuska. Auta ta kife kai a gwiwar mahaifinta ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Da ta rako Dogo bakin ƙofa, yana tafiya a hankali don ƙafarsa na zamewa a cikin takalmi, ta kasa haɗa ido da shi.

"Maganar da na faɗa..."

"Wacce? Ni ƙyalle ne, ba ni da kunne."

Ta yi murmushi tana wasa da bakin mayafinta. Sai ta ce ya jira, ta koma ciki da sauri, ta dawo da baƙar safar nan ta ulu, wankakkiya, a ninke.

Fuskarsa ta faɗi. "Har yanzu ba a yafe mini ba?"

"Ka ce garin da aka mayar da kai akwai sanyi, ko?"

"Sosai."

Ta ɗora masa ita a tafin hannu, ta ɗago ido ta dube shi.

"To ka sa mini ita a akwatinka. In mun je, ni zan sa."