Aljanar Cikin Akwatin Zinatu

Wayyo duniya! Ranar da dogarai suka fito da Zinatu daga gidan mahaifinta a Tudun Wada, ko mayafi ba su bari ta gyara ba. Ita kaɗai marigayi Nagoda, sarkin fataken goro, ya haifa, ya bar mata gida da rumfuna. Laifinta dai ba ta zauna a ɗaka ba. Zaurenta kullum cike da masu goge da marina da mabarata, tana tsakiyarsu tana dariya. Yau ga su can bakin hanya, kowa ya kau da kai kamar bai taɓa cin tuwonta ba...

Tun da ta sayo garmaho, akwatin nan mai waƙa, wurin wani Bakwara, Balarabe ɗan kasuwa, a tashar jirgi ake raɗe-raɗi. Maƙwabta suka daina karɓar abincinta. Rakiya, wadda ta goye ta, ta kwashe kayanta ta gudu.

A gaban alƙali, baffanta Malam Gwadabe ya gyara rawani ya ce, "Allah gafarta Malam, yarinyar nan aljana take kiwo a akwati. Da kunnena na ji tana magana da yaren aljanu! A danƙa mini gidan kafin ta halaka shi."

"Baffa!" in ji Zinatu, hawaye na zuba. "Kai ne fa ka yi mini huɗuba... Ya Allah, kai ne gatan maraya!"

Alƙali ya ce a buɗe akwatin. Mutane suka ja da baya. Zinatu ta waina shi, ta ɗora allura a kan faifai. Murya ta tashi, siririya, mai karkarwa.

"Kun ji ko!" Gwadabe ya daka tsalle. "Kafirar ke nan!"

Amma alƙali ya sunkuyar da kai, leɓensa na motsi, har gemunsa ya jiƙe da hawaye. "Sallallahu alaihi wa sallama... Gwadabe, wannan Larabci ne. Begen Manzo ne daga Masar. Shekara nawa kana karɓar sadakar malanta?"

Nan take aka warware wa Gwadabe rawani, aka yi masa bulalar shaidar zur a bakin kasuwa.

Zinatu ta koma gida ta tarar da Rakiya durƙushe a zaure tana kuka. Ta ɗago ta, ta ce, "Tashi, Inna. Zo ki waina mana aljanar."