Rakiya Har Hunkuyi

"Kar ka ƙara biyo ni, Yunana!"

Angelina ta juyo a ƙofar Gidan Matasa na Ikara, idanunta sun kaɗa sun yi jawur.

"Malama, me na yi?"

"Faɗa min gaskiya. Dagaci ne ya sa ka riƙa raka ni gida, ko ba shi ba ne?"

Yunana ya sunkuyar da kai, yana murza igiyar dokin da ke hannunsa.

"Shi ne... amma ki tsaya ki ji..."

"Ya isa! Ashe aiki aka ba ka. Ni kuwa ina ta haukata, na zaci so ne!"

Ta fizgi gyalenta ta yi gaba. Ranar ce rana ta farko da mutanen Ikara suka ga Malama Angelina ta ratsa kasuwa ita kaɗai. Har mahauta sai da suka ajiye wuƙa suka bi ta da kallo.

To, 'yan matan yanzu masu soyayya ta waya, ku gyara zama. Mu da muka ga saukar tutar Turawa da idonmu, muka sha agana muka miƙe, fara ta ci mana dawa mu ma muka ci ta, mu muka san abin da ake kira so.

Ita Angelina daga hayin teku ta zo, wani tsibiri wai shi Jamaika. Aikin sa kai ya kawo ta, jim kaɗan bayan samun mulkin kai. An ce mana Baturiya za ta zo, sai ga yarinya baƙa wuluk, kyakkyawa, mai wushirya, kamar 'yar garinmu. Tsofaffi suka yi ta gaishe ta a tasha, ta yi shiru tana murmushi, suka ce wannan 'yar wa ce marar tarbiyya?

Aka sauke ta a gidan Baba Ɗan'azumi da matarsa Inna Mairama, waɗanda Allah bai ba haihuwa ba. Kafin kaka ta zagayo Hausa ta zauna a bakinta daram.

Da safe ta koya wa 'yan mata ɗinki da karatun boko. Da la'asar ta hura usur, samari su yi ta dambe da ƙwallon tsumma, ita ce alƙali, ita ce mai ɗaure targaɗe. Bayan Gidan Matasa kuwa akwai fadamar rake, inda Yunana ke koya wa samari yin mazarƙwaila. Doki yana zagaya injin matsa, ruwan rake yana tafasa a kasko, ƙamshi har bakin hanya.

Ran da ta fara leƙawa, Yunana ya ɗauki wuƙa zai fere mata rake.

"Bar shi," in ji ta.

Ta sa haƙori ta yage ɓawon tun daga sama har gaɓa, ta tofar.

Samari suka sa ihu.

"Babana manomin rake ne," ta ce. "A cikin rake aka haife ni."

Yunana ya tsaya da wuƙa a hannu, baki buɗe, har kasko ya ƙone. Tun daga ranar yake kiranta Mazarƙwailata in ba kowa kusa.

Sai maganar rakiya. Inna Mairama ce ta koya mata: "'Yar nan, a ƙasarmu duk wanda ya tako ƙofarki, ki taka masa. Ba a barin mutum ya juya shi kaɗai."

Angelina ta riƙe wannan magana gam kamar karatun Littafi.

Yunana zai rako ta har zauren Baba Ɗan'azumi, ya ce sai da safe. Sai ta ajiye kayanta ta ce, "Mu je in taka maka." Ta raka shi har gindin rimin kasuwa. Shi kuma ina zai bar mace ta koma ita kaɗai? Ya sake rako ta. Ta sake raka shi. Haka za su yi ta yi, kai da kawowa kamar ƙoshiyar masaƙi, har ladan ya kira magariba.

"Ga su nan sun fara saƙa!" in ji masu shayi.

"Yau zane za su saƙa ko gwado?"

Inna Mairama ta yi ta ƙoƙarin gyara mata karatu. "Ke, rakiyar ai ba a rama ta!"

"Inna, ke kika ce ba a barin mutum ya juya shi kaɗai."

"Na ce. Allah Ya shirye ni da bakina."

Kowa dariya yake, ban da mutum biyu. Ta farko Talatu, mahaifiyar Yunana, wadda shi kaɗai ya rage mata a duniya.

"Ba ni da faɗa da yarinyar," ta ce masa. "Coci ɗaya muke zuwa, tana durƙusa min har ƙasa. Amma kogi ba ya mantawa da mafarinsa. Ran da ta tashi komawa za ta ja ka hayin teku, in mutu ba mai rufe min ido. Ban yarda ba!"

Ta biyu Lantana, 'yar kawun Yunana, wadda tun suna yara take ganin nata ne. Ita ce ta matso kusa da Angelina a ajin ɗinki, tana zura zare a allura, ta ce cikin murya mai sanyi:

"Malama, Yaya Yunana zai huta dai in kin tafi. Tun zuwanki Dagaci ya ɗora masa rakiyarki, wai kar baƙuwa ta ɓata a gari. Bawan Allah, ko ciwo yake sai ya fito."

Abin da ya jawo faɗan ƙofar Gidan Matasa ke nan.

Da ma wa'adin aikinta ya cika. Ta yi niyyar roƙon a bar ta ta zauna, amma daren nan ta ce wa Inna Mairama, "Laraba zan bi motar Zariya. Daga can jirgin ƙasa zuwa Ikko, bakin teku, sai jirgin ruwa."

Inna ta dube ta. "Da shi kika yi faɗa, ko da mu?"

Angelina ta kifa kai a cinyarta ta fashe da kuka.

Bikin sallama kuwa, Ikara ba ta taɓa ganin irinsa ba, kuma ba garin da ya kai mu iya sallamar baƙo, a je a tambaya. Aka kaɗa kalangu a filin ƙwallo. 'Yan mata suka fito da rigunan da suka ɗinka da hannunsu, wata hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, tana ta yauƙi abinta. Samari suka buga wasa, aka tashi ba wanda ya ci, don kowa so yake Malama ta hura masa usur na ƙarshe. Kyauta ta taru: ƙwarya, daddawa, tabarma, zanen saƙi. Wata tsohuwa ta kawo kaza da ranta.

"Iya, jirgin ruwa zan shiga fa."

"To kaza ba ta shiga jirgi ne?"

Angelina tana dariya tana share hawaye, idonta yana yawo cikin taro. Ta hango Yunana can gindin mangwaro, ya riƙe linzamin doki. Ta kau da kai.

Baba Ɗan'azumi ya miƙe da sandarsa. "Jama'a ku shaida. Baƙuwa aka kawo min, 'ya nake sallama. Ɗakinta kuma ko kaza ba za ta kwana ciki ba."

Laraba da sassafe gari ya ɗunguma zuwa tasha. Aka ɗora akwatinta bisa buhunan gyaɗa, direba Tukur ya ba ta gaban mota, kazar tana cinyarta. Mota ta tashi. Yara suka bi ta da gudu har bakin gari, suka gaji suka tsaya.

Bai zo ba.

Ta rufe fuska da gyale.

"Malama," in ji Tukur, yana leƙen madubi, "wancan na bisa buhu, kayanki ne ko fasinja?"

Ta leƙa ta taga. Yunana ne zaune a saman kaya, ya dafe hula da hannu ɗaya, ɗaya hannun rungume da curin mazarƙwaila.

"Me kake yi a nan?" ta ɗaga murya.

"Rakiya!"

"Na ce ba na so!"

"A Maƙarfi zan sauka!"

A Maƙarfi kasuwa ta cika maƙil. Aka sauke gyaɗa, aka ɗora rake. Yunana ya sauko, ya miƙa ƙafa, ya saya mata ƙosai ta ƙi karɓa. Mota na tashi ya sake ɗarewa.

"A Kudan zan sauka!"

A Kudan ko motsi bai yi ba.

"Kai saurayi," in ji Tukur, "wannan rakiya ce ko hijira?"

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Angelina ba ta yi dariya ba. Ta zuba wa gonakin rake ido suna wucewa, tana lissafin nisan da ya biyo ta.

A Hunkuyi Tukur ya tsaya zuba wa mota ruwa, ya ce, "Nan kam za ka sauka, uwarka ta san ni. Ba za a ce ni na sace mata ɗa ba."

Yunana ya sauko. Ya zo jikin taga, ya miƙa mata mazarƙwailar.

"Yunana," ta ce a hankali, "ikon Dagacinmu ya kawo har nan?"

"Ina! Ko rafin bayan gari bai tsallake ba."

"To wa ya aiko ka?"

"Ba kowa. Da gaske shi ya sa ni da fari. Kina fara gane hanya ya ce in bari. Na ce masa har yanzu kina ɓata. Duk wata sai ya tambaya, duk wata sai in ce, ranka ya daɗe, baƙuwar nan ba ta da kai, ba ta gane hanya."

"Ni ce ba ni da kai?"

"Mazarƙwailata... ni ne na ɓata, ba ke ba."

Ya juya da sauri don kar ta ga idonsa, ya kama hanyar komawa.

Ta bi bayansa da kallo. Mutum guda, a kan doguwar hanya, shi kaɗai.

"Malam Tukur, buɗe min ƙofa."

"Malama, jirgi fa ba ya jiran kowa!"

"Ba a barin mutum ya juya shi kaɗai. Zan taka masa."

Ta dire da kaza a hammata. Tukur ya daki sitiyari yana dariya har da hawaye. "Je ki, 'yar Ikara! Akwatinki na dawo da shi gobe!"

Suka taka har Kudan, rabi faɗa rabi dariya, a can wata motar rake ta kwashe su.

A Ikara kuwa Lantana ta riga ta kai labari, da gishirinsa. "Gwaggo, ya bi ta! Da idona na gan shi bisa mota!" Talatu ta zube a tsakar gida tana birgima. Mata suka cika gidan kamar an yi rasuwa, har an fara dama kunun masu zaman makoki.

Rana ta yi sanyi, sai aka ji sallama.

Angelina ta shigo, Yunana na biye da ita, ƙafa duk ƙasa, ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, ga ɗanki. Na rako shi."

Talatu ta ɗago. Ta shafa fuskar Yunana, ta shafa kafaɗunsa kamar mai duba ko an rage wani abu. Sannan ta juya ga yarinyar.

"Daga ina?"

"Daga Hunkuyi."

"Jirgin naki fa?"

"Ya tafi da masu tafiya."

Lantana ta sulale ta bayan rumbu.

"Ni na ce za ki raba ni da shi," in ji Talatu, hawaye na zuba. "Ashe ke ce mai dawo min da shi. Tashi, 'yata. Gobe a kai goro gidan Ɗan'azumi."

Aka kai. Baba Ɗan'azumi ya karɓa a matsayin uba, ya kuma ce surukinsa sai ya yi masa gayyar saran rake kamar kowane saurayi. Samarin Gidan Matasa suka share fadamar kafin azahar. Aka ɗaura aure a coci, Musulmi da Kirista suka ci tuwo ƙwarya ɗaya, Lantana ma ta yi rawa da ƙyar.

Da yamma Inna Mairama da 'yan matan ajin ɗinki suka kai amarya ɗakinta. Aka yi nasiha, aka yi kuka, suka miƙe za su tafi.

Sai ga amarya ta miƙe ita ma, lulluɓe da komai, tana laluben takalmi.

"Ina zuwa?" in ji Inna Mairama.

"In taka muku mana."

Talatu ta yi wuf ta zauna a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya.

"Koma ki zauna, 'yar nan," ta ce. "Kin iso."