Shuɗin Layi Zuwa Damagum

"Kashe mota! Kashe, na ce!"

Kaumi ne ya daka tsawar, ya maka gindin bindiga a gilashin motar da suka tare, ƙirar Siyena. Gilashi ya tarwatse. Yaronsa Sajo ya zagaya ɗaya gefen, ya fizge ƙofa — Alice ta faɗo kan kwalta bisa gwiwoyinta, hannuwa a sama.

Zulkifli yana zaune cikin tsohuwar Golf ɗinsu a bayan wata kuka, inji na aiki, ƙafarsa a kan kuloci. Tuƙi ne aikinsa, ba a ce ya fito ba. Hantsi ya dubi ludayi, amma hanyar Gadaka fayau take, don a shekarun nan mutum ba ya hawa titi sai dole. Ta madubi yake kallon abin da ke faruwa. Gabansa bai faɗi ba. Rabon da gabansa ya faɗi tun ranar da ya taya kwasar gawarwaki a tasha bayan tashin bam, ya koma gida ya wanke hannu ya ci tuwo.

Mai Siyenar kuwa maƙwabcinsa ne. Ochai, mutumin Binuwai, mai shagon kayan gini a unguwar Yindiski, mijin Alice. Da aka hana acaɓa a Potiskum, Zulkifli ya rasa abin yi, Ochai ne ya riƙa ba shi dakon siminti a akori-kura. Mutum ne mai son nuna abin da ya iya, kuma babu abin da yake ji da shi kamar taswirar da ke cikin wayarsa. Da ya sayar da shagon, ya ƙudurta komawa garinsu gaba ɗaya, sai ya fara kiran Zulkifli.

"Zo ka gani, Zulki. Ka rubuta sunan gari, ita kuma ta ja maka shuɗin layi. Asabar da safe za mu tashi. Gadaka, Gombe, mu yi ta gangarawa har gida."

"Oga, ai wannan ta fi kwandasta sanin hanya."

"Ta sani, amma ba duka ba." Ochai ya ja hoton da yatsa, ya tsaya kan wata siririyar hanya da ta ratsa daji daga titin Gadaka zuwa Damagum. "Ka ga wannan? Waya za ta ce maka hanya ce. Hotonta ya tsufa. Mutanen Garin Babayo sun haƙa rami sun kewaye garinsu saboda mutanen daji, masu kai wa garuruwa hari. Inda ya ratsa hanya sun rufe shi da kara da ƙasa, maharba na gadi. Ni na sayar musu da diga da shebur. Ka duba waya, Zulki, amma ka tambayi mutane."

A yammacin ranar Zulkifli ya kai wa Kaumi labarin. Kaumi ne ogansu, asalinsu Borno, mutumin da bai yarda da kowa ba, har inuwarsa. Mai shagon da ya sayar da komai dole ya yi tafiya da kuɗinsa a mota, ga rana, ga hanya, ga lokaci. Me ya rage? Abu ɗaya Zulkifli ya roƙa.

"Kada a taɓa su. A karɓi jaka a bar su su wuce."

"Wa zai taɓa su, baaba? Mu ba mahauta ba ne."

Yanzu ga jakar a hannun Kaumi. Ochai bai yi gardama ba, shi da kansa ya zaro ta daga ƙarƙashin kujera. Harka ta ƙare, saura a ware.

Sai wata mace ta yi magana a cikin motar, da Turanci, a natse.

Taswirar ce. Wayar tana maƙale a jikin gilashin gaba, tana faɗa wa Ochai ya ci gaba da miƙewa. Ochai ya kai hannu zai kashe ta. Sajo kuwa tun asuba ya haɗiyi ƙwayoyinsa, idonsa jawur, bai taɓa jin waya ta yi magana ita kaɗai ba.

"Soja yake kira! Oga, soja yake kira!"

Tau! Tau!

Zulkifli bai san lokacin da ya buɗe ƙofa ba. Ya dai ga kansa a tsakiyar titi, a tsaye, ba rawani a fuskarsa. Ochai ya kife a kan sitiyari. Alice ta ɗago kai. Ba ta yi ihu ba. Ta dube shi irin duban da take yi masa in ya zo karɓar makullin akori-kura.

"Zulki? Kai ne?"

Kaumi ya juya bakin bindiga wajenta. Kafin ya ɗana, jiniya ta taso daga wajen Gadaka.

"Kwalawa! 'Yan sanda ne! Mota! Mota!"

Kaumi ya fizge wayar Ochai daga gilashi, suka afka cikin Golf. Zulkifli ya saki kuloci, taya ta yi ƙara, suka ɗauki hanyar Potiskum.

Sai da bishiyar kukar ta ɓace a madubi sannan faɗa ya tashi.

"Kai jaki ne," in ji Kaumi, bai ko waiwayi Sajo ba. "Taswira ce, shashasha. Taswira ka harbe mutum a kanta."

"Wallahi oga na ɗauka..."

"Rufe mini baki. Kai kuma, direba, uban wa ya ce ka fito?"

Zulkifli ya ƙara wuta. Idonsa na kan titi.

"Ta gan ka. Ta kira sunanka. Ta san gidanku, ta san tsohuwarka. In ta buɗe baki, daga kai sai mu." Kaumi ya goge gumi da rawaninsa. "Asibitin cikin gari za su kai mijin, ita ma can za ta zauna. Sajo, kai ka ɓata, kai za ka gyara. Gobe ka sa kaftani ka shiga kamar mai dubiya."

"An gama, oga."

Zulkifli ya ji maganar sarai. Ya san ba barazana ba ce, kashe ta za a yi, don ya taɓa kai Sajo irin wannan dubiyar, ya jira shi a waje yana cin gyaɗa. Alice ce ke aiko wa tsohuwarsa shinkafa duk Kirsimeti, a kwano mai murfi. Ya tuna kwanon, fari ne mai jan baki. Ya jira zuciyarsa ta motsa, ba ta motsa ba.

A can baya, motar 'yan sanda ta tsaya a gefen Siyenar. Sufeto Kyari ya sauko, dattijo mai furfura a gemu, ya taɓa wuyan Ochai, ya ce a ɗauke shi maza. Alice tana zaune a kan kwalta, takalmi ɗaya a ƙafarta.

"Madam, mutanen daji ne?"

Ta girgiza kai. "Ɓarayi ne. Ɗaya maƙwabcinmu ne. Mijina yana ba shi aiki."

Kyari ya ɗauki rediyon oba-oba ya sanar da duk shingen da ke tsakanin nan da Potiskum. Ya sa aka wuce da Ochai da matarsa a Siyenar, shi kuma ya bi sawun Golf.

Kaumi ma ya san za a yi hakan.

"Kwalta ta mutu," ya ce. "Kowane shinge yanzu jiranmu yake. Damagum za mu, ina da gidan da za mu kwanta." Ya dangwala wayar Ochai da babban yatsa, ya rubuta, ya jira. Fuskarsa ta saki. "Ka gani? Ga hanya ta daji, ba soja, ba kwalawa. Gaba kaɗan ka karya dama."

Ya ɗaga wayar. Zulkifli ya saci kallo. Shuɗin layi ya bar titi, ya ratsa daji, siriri, ya bi ta Garin Babayo.

"Ka san hanyar?"

"Ban taɓa bi ba," in ji Zulkifli. Gaskiya ya faɗa.

"Ba sai ka sani ba. Na gama yarda da bakin mutum yau. Wannan ba ta ƙarya, ba ta da maƙwabci. Abin da ta ce shi za ka yi."

Matar cikin waya ta ce a karya dama. Zulkifli ya karya.

Hanyar jar ƙasa ce, ta amalanke, gonakin gero hagu da dama. Ba sawun taya ko ɗaya a kanta, ciyawa ta fara cin tsakiyarta. Duk direban da ya san aikinsa zai tsaya ya tambayi dalili. Kaumi ba direba ba ne, idonsa na kan ɗigon da ke tafiya bisa shuɗin layi. Sajo a baya ya rungume jaka yana gyangyaɗi.

Kalma ɗaya ta isa. In ya ce "rami," sai su juya, su nemi wata hanya, su kwana a Damagum. Gobe Sajo ya sa kaftani. Zulkifli ya juya kalmar a bakinsa kamar ƙwallon dabino, bai tofar ba.

Jiniya ta sake tasowa, nesa, ta baya.

"Taka, baaba! Taka mana!"

Ya taka. Giya ta uku, ta huɗu. Golf tana tsalle, kan Sajo na bugun rufi. Rufin kwanon Garin Babayo ya fara ƙyalli a gaba. Zulkifli ya hango wurin tun daga nesa: ƙasar ta fi sauran laushi, an share ta sumul, kamar tsakar gidan da ake jiran baƙi. A kan wata tsamiya wani mutum ya miƙe tsaye, ya busa ƙaho.

"Wane ne wancan?" in ji Kaumi. "Kai, rage! Rage, na ce — birki!"

Zulkifli ya danne totur har ƙasa.

Ƙasa ta buɗe. Kara ya kakkarye, hancin mota ya nutse, bayanta ya tashi sama — ƙarfe ya haɗu da bangon rami! Kaumi ya fita ta gilashin gaba. Sajo ya rarrafo ta taga da bindiga a hannu, jini ya rufe masa ido, yana harbin iska. Maharban garin ba su tambayi ko su wane ne ba. Mota a guje, a hanyar da ba mai bi, da bindiga: amsa ɗaya suka sani. Bindigogin toka suka tashi a tare.

Sufeto Kyari bai yi sauri ba. Tun da ya ga sawun ya karya dama ya ce wa direbansa ya rage gudu, ba inda ɓarayin za su. Da ya iso, Babayo, shugaban maharban, yana tsaye a bakin ramin, mutanen gari sun yi cirko-cirko a bayansa.

"Biyu sun tafi, ranka ya daɗe. Direban yana numfashi, sitiyari ya danne masa ƙafafu. Yara sun so su ƙarasa shi, na hana."

Kyari ya sauka cikin ramin da ƙyar, ya tsuguna a gefen taga.

"Kai ne Zulkifli?"

"Ni ne."

"Kai ɗan Potiskum, direba, ba ka san da ramin nan ba?"

"Na sani."

Kyari ya daɗe yana dubansa. Bai sake tambaya a kan wannan ba.

"Matar fa?" in ji Zulkifli.

"Tana da rai. Ita ta ba mu sunanka."

"Oga Ochai?"

"Yanzu aka faɗa mini a oba-oba. Ya cika kafin su kai asibiti."

Zulkifli ya gyaɗa kai. Mutum uku ke nan tun hantsi. Jakar tana can cikin laka, ba wanda ya buɗe ta. Alice za ta tafi Binuwai da akwatin gawa a motar da suka yi wa lodin komawa gida. Tsohuwarsa za ta ji a bakin maƙwabta, a layin da kowa ya ci shinkafar Alice. Ƙafafun nan kuwa, ko an zaro su, ba za su sake taka kuloci ba.

A ƙarƙashin kujera matar ta sake magana, a natse, tana cewa a ci gaba da miƙewa. Kyari ya lalubo wayar, gilashinta ya tsage, shuɗin layin yana nan ya ratsa ramin ya wuce Damagum abinsa. Ya kashe ta ya sa a aljihu.

Aka aika a kawo diga da shebur a tono direban. Da suka iso, Zulkifli ya ga sabon fenti a ƙotocinsu, irin wanda Ochai ke shafa wa kayan shagonsa. Ya rufe ido, ya jira ya ji wani abu, ko nadama, ko tsoro, ko sauƙi. Ya daɗe yana jira. Ƙafar hagu ce kawai ta fara ciwo.