Uwar Marca

"Ke ce mai kawo tamba? Ta ƙofar baya ake bi."

Abin da matar ta fara ce min ke nan. Tana tsaye a bakin ƙofar gilashi, tana kallon takalmina da har lokacin taɓon garinmu Taplejung bai gama barinsa ba.

Na ce mata wurin Abiral na zo.

"Abiral?" Ta ja sunan kamar daga jakarta na sato shi. "Ke wace ce a wurinsa?"

Kwana da wuni na yi a mota zuwa Kathmandu ina shirya amsar wannan tambayar. Amma sai idona ya tsallake kafaɗarta ya sauka a kan kantar da ke bayanta. Kwalabe ne jere, sababbi fil, babu komai a cikinsu tukuna. A jikin kowace an manna hoton wata tsohuwa da faffaɗan zoben zinariya a hanci.

Kakata ce.

Hoton da ke rataye a ɗakin baƙinmu ne, wanda ya ɗauka da wayarsa yana cewa so yake ya riƙa tunawa da gidanmu.

Sai ga shi ya fito yana goge hannu da tawul. Ya gan ni, ya tsaya cak, sannan ya yi murmushin nan nasa da ya cuce ni.

"Sirjana, wannan ce yarinyar masaukin da na ba ki labari... Baini, kin zo lafiya?"

Baini. Wai ƙanwa. Mutumin da ya yi kwana arba'in yana kirana Maya, yana rantsuwa bai taɓa kiran wata mace da sunan ƙauna ba, yau ni ce ƙanwa.

Sirjana ba ta ɓata lokaci ba. Ta shaida min mahaifinta ne ya gina masa wannan gidan giyar tun daga tukwanen ƙarfe har kujeru, bikinsu kuma saura wata huɗu. Sannan ta zaro kwalba ɗaya daga kan kantar ta miƙo min da yatsa biyu.

"Ungo tsaraba. Kya sa fure a ciki."

Na kalle shi ko zai ce wani abu.

Tawul ɗinsa yake ninkewa.

Bari in koma baya, don kada ku ce haka kawai na haukace.

Sunana Ningwa. Ni da Ama, mahaifiyata, muke riƙe da ƙaramin masauki a kan hanyar masu hawa dutse. Ɗakunanmu ba su fi na maƙwabta ba, gadajenmu ma ƙara suke yi. Tongba, giyar tamba, ita ce ke kawo mana mutane. Kowa a garin yana jiƙa tamba ya dafa, kowa yana cika tulun katako ya zuba ruwan zafi ya miƙa wa baƙo da bututun gora. Amma tamu in ka tsotsa, zaƙi ne ke fara zuwa, sai ɗan ɗaci, sai wani ƙamshi kamar na zuma ya zauna maka a maƙogwaro. Sirrin yana cikin marca, 'yan ƙwallayen garin shinkafa da ake murmushewa a kan tamba don ta tashi. Ta kasuwa tana nan birjik, amma tamu ba a taɓa sayar da ko ɓari ba. Saiwa uku, ganye huɗu, daga uwa sai 'ya. Ko mahaifina har ya rasu bai san sunan ɗaya ba.

Abiral ya iso mana a farkon sanyi da jaka a baya da ɗan littafi a aljihu. Ya ce ƙasar yake zagayawa yana ɗanɗana abin da kowane gari ke ci da abin da yake sha. Na ajiye masa miyar kinema, ina jiran ya toshe hanci kamar yadda 'yan birni ke yi wa warin wakenmu. Ya share kwanon da yatsa ya ce a ƙara. Da tongba ta zo, ya kama bututun zai juya kamar mai dama koko, na buge masa hannu.

"Ba a motsa ta, Dai. Jira ake yi." Dai, wato yaya, haka muke kiran baƙo namiji.

Ya jira. Ya tsotsa. Ya rufe ido ya daɗe.

"Wa ya yi wannan?"

Kwana biyu ya ce zai yi, ya yi arba'in. Ya faskara mana itace har hannunsa ya yi kanta, ya koyi gaisuwarmu yana kwaɓa ta ina dariya. In na fita ɗibar ganye sai ya ɗauki kwando ya biyo ni, yana cewa, "Maya, a hankali, ƙafar birni gare ni." Ama tun ranar farko ba ta yi na'am da shi ba. Ta ce baƙon da ya fi kallon rufin madafa a kan kallon abincinsa, a sa masa ido. Na ce a raina tsohuwa ce kawai, ta manta yadda so yake.

Ranar da zai tafi, a gefen rafi, ya riƙe hannuna ya ce zai dawo da manyansa da kwalbar neman aure. Ya ce abu ɗaya ke damunsa, bai yarda na amince da shi har zuciya ba, tunda akwai abin da nake ɓoye masa.

Kun ga wauta? Na lissafa masa su duka bakwai. Har da inda kowanne ke fitowa, da watan da ake haƙarsa. Yana rubutawa, ni kuma ina kallon gashin idonsa.

Daga nan waya ta fara raguwa, har ta ɗauke. Shi ne na bi shi birni na samo kwalba.

Da na dawo gida na dire kwalbar a gaban Ama na faɗa mata komai. Na so ta mare ni, na rantse na so. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon fuskar mahaifiyarta a jikin gilashi, sannan ta miƙa hannu ta kwance makullin rumbun sama daga wuyana.

"Kakarki ta riƙe sirrin nan shekara sittin, an ba ta gona ta ƙi. Ke da me aka saye ki?"

"Ama, cewa ya yi yana sona..."

"Au, da baki ma. To, kin yi araha."

Daga ranar aikina ya koma wankin tulu da shara. Ba ta ƙara bari na taɓa gari ba. Magana in ba "kawo" ba to "kai". Matan unguwa suka samu abin taunawa, in na wuce rijiya sai wata ta tambayi wata ko ta san saiwa ta uku, su kwashe da dariya. Kwalbar kuwa Ama ta ɗora ta a kan taga inda dole in gan ta duk safiya. Abin da ya fi ci min rai, duk da haka ban daina jiran ƙarar waya ba.

Wata uku da 'yan kwanaki, da hantsi, ina shanya barguna, sai na ji an ce, "Maya."

Ya rame. Ƙasumba ta cika masa fuska. A hannunsa kwalbar barasar raksi ce an toshe bakinta da ganyen ayaba, irin wadda mai neman aure ke ajiyewa a gaban iyayen yarinya. In sun buɗe sun sha, an ba shi. Sai dai shi kaɗai ya zo, ba kawu ba wakili, abin da ko maraya ba ya yi a garinmu.

Ya durƙusa a tsakar gida ya yi ta zuba. Wai an fasa bikin. Wai tun da na bar ƙofar gilashin can bai yi barcin kirki ba, Sirjana ce ta shiga tsakaninmu, shi ni kaɗai yake so. Ku yi min dariya in kuna so, amma sai da na kusa yarda.

Ama ta fito, ta dube shi, ta dubi kwalbar, ta tambaye shi yaya giyarsa.

Ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce ta ƙi. Sau shida suna dafawa tana tsami tana baƙi, sun gwada marcar kasuwa ta fito kamar ta kowa. Masu gwaji sun ce masa ganye kaɗai ba ya tayar da tamba, akwai wani abu mai rai da babu a cikin tasa.

Sai a lokacin na gane. In an gama murza sababbin ƙwallaye an jera su a kan ganye, ana daka tsohuwar marca guda ɗaya a barbaɗa a kansu. Ita ce uwa. Ta bana daga ta bara take, ta bara daga ta bara waccan, har can hannun kakar kakata. Ban ɓoye masa ba. Ban ma taɓa ɗaukarsa sirri ba, kamar ka ba mutum labarin miya ka manta ka ce a hura wuta.

Ama ta ce ya dawo gobe da safe.

Washegari ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta sa na zauna a gefenta da mayafina na fita unguwa, wanda ta miƙo min da kanta. Ta ajiye kwalbarsa a dama. A hagu ta ajiye ƙwallo ɗaya fari a kan ɗanyen ganye.

"Ga abin da ka rasa. Ka daka ka barbaɗa, shi ke nan." Ta nuna kwalbar. "In ka ɗauki uwar, ka haɗa da kwalbarka ka sauka, kada in ƙara ganinka. In ka bar ta, yanzu zan buɗe wannan in sha, ka tafi da 'yata hannu rabbana, ita da marca sun rabu har abada. Ɗaya za ka ɗauka."

Na zuba masa ido.

Ya kalle ni. Idonsa ya ciko da hawaye, hawayen gaske, na gan su.

"Maya... ki fahimce ni. In giyar ta tashi, komai zai daidaita. Wata shida kawai, in dawo in..."

"Ɗauki," na ce.

"Ba wai ba na sonki ba ne..."

"Abiral, ɗauki."

Ya ɗauka. Ya naɗe ta a hankici a hankali, da irin lallashin da ya taɓa riƙe fuskata da shi, ya sa a aljihun ƙirji. Har ya kai ƙofa Ama ta kira shi ta tuna masa ya bar kwalbarsa. Ya dawo ya sunkuya a gabana ya ɗauka, bai ɗago ba.

Na bi bayansa da ido har gangaren ya haɗiye shi. Sannan na juyo kan Ama. Kuka nake, amma haushi ya fi kukan yawa.

"Wata uku kina gasa min aya a hannu a kan saiwa uku da ganye huɗu, yau ke da hannunki kin ba shi uwar!"

Ta tashi ta shiga madafa, ta fito da kaskon gasa masara ta ajiye a gabana. Akwai farin gari kaɗan a gindinsa.

"Tun da asuba na gasa ta. Gawa ya ɗauka."

Na zuba wa kaskon ido. Kwana da wuni zai yi a mota yana dafe da aljihu. Zai tara mahaifin Sirjana da tukwanen ƙarfensa, ya daka, ya barbaɗa, ya zauna jira. Lambarsa tana cikin wayata, kuma ko tashar mota bai kai ba. Na lalubi zuciyata ko akwai tausayi, na samu akwai, na bar shi a inda yake.

"Kin san abin da zai zaɓa ke nan," na ce.

Ta karkaɗe garin da ke gindin kaskon.

"Ama, da ni ya zaɓa fa? Haka za ki sallame ni ba komai, kamar bare?"

Ta matso ta kama gefen mayafin da ke kafaɗata, ta ɗora yatsuna a kan lafin. Wani abu ne mai tauri a ciki, ƙarami, zagayayye. Ɗinkin sabo ne, zaren ma ba kalar mayafin ba ne, ɗinkin mai sauri wadda idonta ya fara rauni.

"Haka kakarki ta yi min ranar da zan tafi gidan ubanki," ta ce. "Wannan mai rai ce."

Ta juya min baya da sauri tana gyara tabarmar da ba ta karkace ba. Ashe ba ni kaɗai na zauna a kan tabarmar nan ina roƙon ya bar ƙwallon ba.

Daga baya ta ciro makullin rumbu daga wuyanta ta jefo min a cinya, ta ce garin shinkafa ya jiƙu tun jiya, in ba so nake ya lalace ba in tashi.

Na sa haƙori na tsinke zaren. Na murza ƙwallaye sittin da huɗu na jera su a kan ganye, sannan na ɗauko wadda aka ɗinka min don gidan aure, na sa a turmi na daka.