Ruwan Buta a Ma'aunin Bayan Gari

Da zagi suka fara haɗuwa. Ita ce mai tace bayanai a ofishin hasashen yanayi, shi kuma mai gyaran tashoshin da ke tura ƙididdigar ruwa da iska zuwa rumbun intanet. Ta bincika rumbun, ta ga wata tasha ta yi shiru, ta sa aka kira shi.

"Malam, barci aka ɗauke ka yi?"

Ya dube ta, zagin ya yi masa daɗi. Da ya gane ba ta nemansa sai na'ura ta yi shirme, sai ya riƙa hawa babur da buta, yana tsiyaya ruwa a ma'aunin ruwan sama na tashar bayan gari.

Saƙonta ya shigo: "Tasharka na nuna ruwa, ga rana ƙwal. Me ke faruwa?"

"Hadarina, zuciyata ce ke zuba."

"Mahaukaci. Zo ofis."

Soyayya ta kankama, buta ba ta huta ba. Bai san wata manhaja na kwasar bayanan tana aika wa manoma ba. Yayanta, manomin waya wanda bai taɓa taka gonarsa ba, ya ga manhajar ta nuna ruwa, ya umarci leburori su yi shuka. Suka ce ƙasa a bushe take. Ya ce, "Kun fi kwamfuta sani?" Iri ya ƙone ƙurmus.

Ita ta jera bayanan tashoshin maƙwabta, ta ga ruwan nan ba ya sauka sai ranar da ta yi fushi. Ta ba da labari a gida tana dariya. Yaya bai yi dariya ba.

A tashar Yaya ya ritsa saurayin da ƙotar fartanya. Haƙora biyu suka zube, hannu ya karye, Yaya ya danna masa kai a bakin ma'aunin. Jinin da ya ɗiga, rumbun ya rubuta shi a matsayin yayyafi. Tana ganin yayyafin ta garzaya, ta fasa kwamfutarta a kan Yaya.

Baba ya ce, "Ba zan ba maƙaryacin ruwa 'yata ba."

"Baba, duk samari ƙarya suke yi. Nawa kaɗai nake iya kamawa."

Aka yanke wa saurayin hukuncin sake shuka gonar da hannu ɗaya. Ya shuka.

Ranar ɗaurin aure, ango da wawulo, Yaya da ɗinki a goshi, aka kece da ruwa. Baba ya ɗaga hannu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba da zuri'a ɗayyiba. Amma a caje shi tukuna, ko da buta ya zo."